Yadda Masana Ke Tantance Baƙar Giyar Beljiyam

Tambaya: Malam, ina aiki a wani gidan cin abinci a Beljiyam, kuma baƙi kan tambaye ni game da baƙar giya irin su Rochefort da Westmalle. Da me masana ke gane mai kyau, tunda launinsu kusan ɗaya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, launi ne ya fi komai ƙarancin maki. A takardar hukunci ta BJCP (ƙungiyar da ke ba masu hukuncin giya shaidar ƙwarewa), wadda gasanni da dama ke amfani da ita, maki 50 ne gaba ɗaya: ɗanɗano 20, ƙamshi 12, hukuncin ƙarshe 10, yadda take zama a baki 5, kamanni kuma 3 kacal.

Dalilin haka yana cikin yadda ake haɗa ta. Yawancin duhunta daga dafaffen sukari da tsiron sha'ir mai ɗan gashi yake fitowa, ba daga ƙonannen hatsi ba, don haka idan mai hukunci ya ji ɗacin gawayi ko na kofi mai ƙarfi, ya san an kauce wa tsari. Babban aikin na yisti ne. Shi ke haifar da ƙamshin zabibi, busasshen ɓaure da ɗan ayaba, tare da na kanumfari da masoro, alhali galibi ba a zuba ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan ƙamshi ba ya tashi a cikin sanyi, shi ya sa ake ba da ita a digiri 10 zuwa 14, a kofin gilashi mai faɗin baki, ana tsiyayawa a hankali domin lakar yistin da ke gindin kwalba ta zauna a wurinta.

Inda na fi sa ido shi ne abin da ya rage bayan an haɗiye. Hanci yakan yi tsammanin zaƙi sosai, amma mai kyau takan bar baki wasai, domin yisti ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, kuma iskar da ta taru a kwalba tana rage mata nauyi. Wadda zaƙinta ya manne a harshe har ya gundure mutum, a wurina ta faɗi, komai daɗin ƙamshinta. Haka ma ƙarfinta: Westmalle Dubbel tana da barasa kashi 7 cikin ɗari, Rochefort 10 kuwa ta haura 11, amma ɗumi kawai ya kamata a ji a ƙirji. Idan ta ƙona maƙogwaro ko ta yi warin fenti, yawanci zafi ne ya yi wa yisti yawa lokacin da yake aiki. Warin jiƙaƙƙen kwali kuma alama ce ta cewa iskar waje ta shige ta.

Waɗannan biyun da ka ambata daga gidajen ibada na sufayen Katolika na ɗariƙar Trappist suke fitowa, kuma da irinsu ake auna abin da ƙananan masana'antu ke yi a yau, ko a Beljiyam ko a Amurka. Ka riƙa sanar da baƙinka ƙarfinta tun kafin ka zuba, domin laushinta a baki yana sa mutane su raina ta.