Tambayoyinku: Kiwon Kifi da Noman Ganye a Ruwa Ɗaya da Wutar Sola

Wasiƙun wannan fitowa daga Sakkwato suka zo, dukkansu a kan akwafonik, wato kiwon kifi da noman kayan miya a ruwa ɗaya mai zagayawa.

Wani magidanci daga Mabera: Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan gida. An ce mini idan na haɗa tankin kifi da kwamin ganye na sa sola, abin zai riƙe kansa ba sai na ƙara komai ba. Haka ne? Me zan tanada?

Wa alaikumus salam, Malam. Rabin maganar gaskiya ce. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Idan ruwan ya ratsa ta cikin tsakuwa, ƙwayoyin bakteriya da ke maƙale a jikinta sukan mayar da amoniyar zuwa naitirait, ita ma guba, sannan zuwa naitiret, wanda shi ne takin da saiwa ke sha. Sai ruwan ya koma wa kifi a tace. Ba sayen taki, ba zubar da ruwa, ba jiran wutar layi. Amma abincin kifi daga aljihunka zai riƙa fitowa kullum, kuma ruwan da rana ta shanye sai ka cike shi. A ƙa'ida akan rasa lita 10 zuwa 30 a cikin lita 1,000 kowace rana, a bazarar Sakkwato kuwa ka sa ran abin zai fi haka. Duk wanda ya ce maka za ka haɗa ka tafi ka bar shi, bai taɓa kiwo ba.

Ka samo farin tankin nan na lita 1,000 mai kejin ƙarfe, ka tabbatar ba sinadari ko mai aka zuba a cikinsa a baya ba. Kwamin shuka guda 3, kowanne faɗin kamar murabba'in mita 1, zurfin santimita 30. Akan yanka irin wannan tankin a yi su. A cika su da tsakuwa wankakka mai girman santimita 1 zuwa 2. Sai ƙaramin tanki na ƙasa inda ruwan kwami ke taruwa kafin famfo ya mayar da shi wurin kifi. Wannan ka binne shi a rami, domin ƙasa tana sanyaya ruwa. A kowane kwami a sa bututun tsaye mai murfi wanda ke zuƙe ruwa idan ya cika, ta yadda kwamin zai riƙa cika yana tsiyayewa, saiwa ta sami iska. Ruwan ya tsaya kamar santimita 3 ƙasa da saman tsakuwa, don kada gansakuka ta rufe ta.

Ga inda yawancin mutane ke yin asara: gaggawa. Bakteriyar nan sai ta yi mako 4 zuwa 6 kafin ta zauna. Ka cika ruwa, idan na famfon gwamnati ne ka bar shi kwana 2 a buɗe sinadarin kilorin ya fice, ka kunna famfo, ka sa kifi 5 kacal da abinci kaɗan. Ka sayi kayan gwajin ruwa. Sai amoniya da naitirait sun sauka ƙasa da miligiram 1 a lita sannan ka ƙaro sauran. Tarwaɗa 20 zuwa 25 sun ishi wannan tankin, kada nauyinsu duka ya wuce kilo 20. Ka riƙa ware manya da ƙanana, domin tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Ma'aunin abinci kuwa shi ne giram 40 zuwa 50 a rana ga kowane murabba'in mita na ganye, kenan kusan giram 150 idan kifin ya girma.

Wani ɗalibi daga Arkilla: Ina da farantin sola na wat 150 da batirin mota. Za su riƙe mini famfo dare da rana?

Ba za su riƙe ba, ɗan'uwa, kuma gara ka sani tun kafin ka sayi kifi. Mu yi lissafin tare. Famfon ruwa mai nutsewa na wat 30, wanda zai iya zagaya ruwan tankin sau ɗaya a awa, da injin iska, mai hura wa kifi iska a cikin ruwa, na wat 15, sun zama wat 45. Sau awa 24, wat-awa 1,080 kenan a rana, wato jimillar wutar da za su ci. Sakkwato Allah Ya hore mata rana, amma a lissafi awa 5 ake ɗauka na cikakken ƙarfinta, sannan a cire kusan kashi 30 cikin 100 na asarar zafi da ƙura da waya da caji. Farantinka zai ba ka kusan 525, ko rabi bai kai ba. Abin da kake bukata wat 400 ne, wanda zai ba da kusan 1,400, ya bar rara saboda ranakun hadari na Agusta.

Batirin mota an yi shi ne don ya tayar da inji na 'yan daƙiƙoƙi, idan ana sauke shi kowane dare zai mutu cikin 'yan watanni. Daga la'asar sakaliya zuwa hantsi awa 15 ne, injinanka za su ci 675. Batirin sola mai ruwa ba a son a ci fiye da rabinsa, saboda haka ka nemi mai bolt 12 da aka rubuta 200Ah a jikinsa. Idan kana da hali, na litiyam mai 100Ah zai yi aikin kuma ya fi daɗewa. Tsakanin faranti da batiri ka sa kwantirola, wato na'urar daidaita caji, irin wadda ake kira MPPT mai amfiya 40, da fiyus kusa da kan batirin. Shawararmu ita ce ka sayi famfo da injin iska masu aiki da wutar batiri kai tsaye, ka manta da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batiri irin ta layi. Ita kanta tana cin wuta, kuma idan ta tsaya da tsakar dare ba mai sani sai da safe.

Farantin ya fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 13 zuwa 15, daidai da matsayin Sakkwato a doron ƙasa. Kada a kwantar da shi a kan kwano. A bar tazara iska ta ratsa ƙarƙashinsa, domin kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100, kuma a watan Afrilu jikinsa yana iya haura 60. Da hunturu a wanke shi da sassafe sau 2 ko 3 a mako. Batiri kuma a ajiye shi a inuwa mai iska; zafi yana rage wa mai ruwa kwana sosai. Kada kowa a gida ya jona fanka ko cajin waya a kansa. Na kifi ne.

Wata uwargida daga Runjin Sambo: A watan Afrilu na tashi da asuba na tarar da karfasata sun taso sama suna buɗe baki, kafin hantsi rabi sun mutu. Famfo yana aiki da rana, da dare nake kashewa don batiri ya huta.

Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Amsar tana cikin jimlarki ta ƙarshe. Iska ce ta ƙare musu. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin a lita, a 30 ya koma 7.5, a 35 kusan 7, alhali a zafin ne kifi ya fi bukatarta. Bakteriya da ragowar abinci mai ruɓewa su ma suna ja. Da dare gansakukar da ke ba da iska da rana ita ma shaƙa take yi, shi ya sa mutuwar ke zuwa gab da asuba. Idan dole sai an kashe wani abu, to famfon ruwa za a riƙa hutarwa, minti 15 yana aiki, 45 yana hutu, da agogon kunnawa da kashewa. Injin iska kuwa kada a kashe shi ko na awa ɗaya. Ki sa masa duwatsun kumfa 2, waɗanda iskar ke fita ta cikinsu, a ƙasan tanki.

Sai inuwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin yakan wuce digiri 40, kifi kuwa tsakanin 26 da 30 ya fi so. A yi wa tankin rumfar zana mai tsayi, a naɗe jikinsa da buhun algarara ana jiƙa shi, a binne bututun da ke kwance a rana. Kwamin ganye a sa masa ragar inuwa mai tare kusan rabin rana. Idan ruwa ya haura 32, ki rage abinci zuwa rabi, ki bayar da sassafe da kuma bayan la'asar, abin da ya rage bayan minti 30 ki kwashe. Da hunturu akasin haka ne: ruwa yana sanyi da dare, kifi ya rage ci, sai a rufe tankin bayan magariba.

Mu a ganinmu mai farawa a Sakkwato ya fara da tarwaɗa. Tana iya shaƙar iska daga sama, don haka takan tsira a daren da karfasa ba za ta kai safe ba.

Wani matashi daga Wamakko: Sabon ganyen alayyafona yana fitowa rawaya, jijiyoyinsa kore. Na auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, na ga 8.2, na sauya ruwa bai sauka ba.

Mun fi zargin tsakuwarka. Yankinku ƙasar dutsen farar ƙasa ce, shi ya sa masana'antar siminti take Kalambaina, kuma irin wannan dutsen yana narkewa a hankali ya riƙa ɗaga pH. Ɗebo kaɗan ka matsa mata lemon tsami. Idan ta yi kumfa, ba makawa sai an sauya ta da tsakuwar kogi ko ta baƙin dutse wadda ba ta kumfa. Idan ba ta yi ba, auna ruwan burtsatsenka, wataƙila daga can ne. Sai ka riƙa haɗa shi da ruwan sama da ka tara da damina. Abin da ake nema tsakanin 6.5 da 7 ne. Sama da 7.5 saiwa ba ta iya shan sinadarin ƙarfe ko da yana cikin ruwan, rawayar da kake gani kenan, kuma amoniya ta fi cutar da kifi a wannan yanayi. Kada ka sauke shi dare ɗaya, kifi ba ya jure sauyin gaggawa. Bayan ya daidaita, ka nemi garin sinadarin ƙarfe na noma, ka sa ma'aunin miligiram 2 na ƙarfen a kowace lita bisa bayanin da ke jikin ledar. Jefa ƙusa mai tsatsa a ruwa ba ya magani.

Wata malamar makaranta daga Gawon Nama: Me ya fi dacewa in shuka, kuma ko zan iya fesa maganin ƙwari?

Malama, ki bi lokaci. Da zafi alayyafo, yakuwa, rama, lalo, ɗoɗɗoya da kuɓewa. Salak da kabeji sai Nuwamba zuwa Fabrairu, don da zafi salak yakan yi tsiri ya yi ɗaci. Tumatir da tattasai ki bari tsarin ya yi wata 4 zuwa 6, taki ya taru. Maganin ƙwari na kanti kuwa kada ya kusanci wurin, duk abin da ya ɗiga a tsakuwa wurin kifi zai je. Ki cire tsutsa da hannu, ki wanke ɗarɓa da feshin ruwa, ki rataya tarkon danƙo mai launin rawaya. Ko ruwan dogon yaro yana iya cutar da kifi. Idan za ki yi amfani da shi, ki rufe tsakuwar da leda, ki fesa kaɗan a kan ganye da yamma, ki cire ledar bayan ya bushe.