Gaba ce ko Hamayya? Amsar Tambaya kan Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Wani mai karatu da ke fassara labaran wasanni ya rubuto daga Damagaram: "Malam, a labarin ƙwallon jami'o'in Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita, na rasa yadda zan kira ƙungiyoyi irin su Michigan da Ohio State. Abokan gaba ne ko abokan hamayya? Sannan Big Ten da SEC, taro zan ce?"

Ɗan'uwa, bari in fara da mai sauƙin. Kar ka ce taro, ko da yake conference ake kiransu da Turanci, domin taro a watse yake ƙarewa. Waɗannan haɗakar jami'o'i ce da ke buga wasa a tsakaninsu kowace shekara, su kuma raba kuɗin talabijin. Ka ce rukuni, ya wadatar. Sunayen kuwa ka bar su yadda suke, ko da yake sun daina faɗin gaskiya. Bahaushe ya ce suna linzami ne, amma wannan dokin ya tsinke nasa: Big Ten na nufin manya goma, ga shi tun 2024 jami'o'i 18 ne a ciki, bayan shigar USC, UCLA, Oregon da Washington. Fitarsu daga tsohon rukuninsu, Pac-12, tana cikin abin da ya rushe shi, har ya rage jami'o'i biyu kacal a 2024.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Gaba kalma ce mai nauyi. Masu gaba ba sa gaisawa, kowa na fatan kada ya ga ɗan'uwansa. Hamayya kuwa ja-in-ja ce a kan abu ɗaya da kowa ke so, kamar kujera ko kofi. Saboda haka a rubutun labari abokan hamayya ya fi dacewa.

Sai dai ni a ganina ko hamayyar ba ta kamo abin duka ba. Michigan da Ohio State sun fara karawa tun 1897. A makon wasan, ɗaliban Ohio State kan bi allunan makarantarsu da jan salatif suna rufe duk harafin M da suka gani, domin da shi sunan Michigan ya fara. Wannan ai tsokana ce irin ta abokan wasa, kamar Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari. Mai gaba murna yake in abokin gabarsa ya ɓace. Abokin wasa kuwa, in babu wanda zai tsokana, shi ne a cikin asara.

Shi ya sa sauyin rukunin ya yi wa magoya baya ciwo. Da jami'ar Texas A&M ta koma rukunin SEC a 2012, wasanta da jami'ar Texas ya tsaya cak, bai dawo ba sai 2024 da ita ma Texas ta bi ta can. Oklahoma ta tafi tare da Texas, ta bar maƙwabciyarta Oklahoma State, kuma karawarsu ta shekara-shekara ta tsaya bayan wasan 2023. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, a nan kuwa kuɗin talabijin ne ya ɗauke ƙafar.

In kanun labari kake rubutawa, sa "tsofaffin abokan hamayya". In sharhi ne a rediyo, ka ce abokan wasa ne, mai sauraro a Damagaram zai gane nan take.