Commodore ɗin Baba da filasmar falo: kada ka yanke mata hukunci tukuna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya kai haske kabarinsa.

Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama, don ba amsar tsaye ba ce. Ka ce kuna gyara ɗakin marigayi kuka tarar da tsohuwar kwamfutarsa Commodore 64 a ƙasan adaka, wadda ya taho da ita daga Ingila lokacin da ya je karatu, har da wayoyinta. Ka soka wayar a ramin eriya na filasmar falo, 'yar jar fitilar ta kama, amma allo babu komai sai yayyafi da shuuu. Shi ne kake tambaya ko ta mutu ne, ko akwai abin da za ka sayo a kasuwa ta yi.

Na daɗe ina gyaran rediyo da talabijin kafin ido ya fara gajiya, kuma yanzu haka akwai irin waɗannan tsofaffin injuna uku a ɗakina: irin taka, da Amiga 500, da Sakhr. Abin da ka kwatanta bai nuna mutuwa ba. Yayyafi na nufin filasmar ba ta kamo tashar ba ne kawai. Amma kafin mu je ga hoto, don Allah tashi ka zare ta daga wuta.

Tubalin nan mai nauyi da ke ba ta wuta shi ne babban makashin Commodore 64. Wuta iri biyu yake fitarwa, bolt 5 na DC da bolt 9 na AC. Idan ya tsufa, ɓangaren bolt 5 ɗin ba raguwa yake yi ba, hawa yake yi, ya bi ƙananan ƙwayoyin ajiyar bayanai da ke kan allon injin ya ƙone su ɗaya bayan ɗaya, ba hayaƙi ba ƙara. An fara sayar da injin nan a 1982, ka ga tubalin naka ya kusa shekara 40 ko ya haura. Yawancinsu kuma an cika cikinsu da wani ƙaro da ya daskare kamar dutse, ba a iya buɗewa a gyara. Ka kai shi wurin mai gyara ya ɗora masa mita. In ya ga ya wuce 5.2 yana neman 5.3, ajiye shi a matsayin kayan tarihi, ka nemi sabo, har yau ana ƙera su. Sa'ar da ka yi ita ce daga Ingila ta zo, wutarsu da tamu ɗaya ce, kuma tsarin hotonsu PAL ne kamar namu. Da daga Amurka ce, mai bolt 110 zuwa 120, da tun jonawar farko ka sha ƙauri. Duk da haka ka sa mata sitabilaiza, kuma kada ka ɗora ta a kan ƙaramin janareta.

Ba da ka nake wannan gargaɗin ba. Wani abokina ya taɓa ba ni ZX Spectrum, 'yar baƙar nan mai maɓallan roba, ba tare da abin wutarta ba. Na duba ƙasanta na ga bolt 9, na jawo durowa na ɗauko wata adafta mai bolt 9, bakin ya shiga daram. Abin da na manta shi ne ita Spectrum a tsakiyar bakin take karɓar nagetif, akasin yawancin adaftocin da ke yawo a gidajenmu. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba na ji warin nan da duk mai gyara ya sani, kamar an ɗora silifas a kan garwashi. Yarona yana tsaye a kaina yana jiran wasa, ya ce, "Baba, ta kama?" Na ce ta kama, amma ba irin kamun da muke so ba. Mai gyara ne fa ya yi wannan.

To, ramin eriya. A zamaninsu ba kowa ke da allon kwamfuta ba, sai aka sa wa injin wani ɗan akwati a ciki da ke mayar da hoton kamar tashar talabijin. Na Ingila a tasha ta 36 ta UHF suke fitowa, wajen 591 a ma'aunin megahaz. Wanda ya yi zamanin murɗa maɓalli yana laluben CTV 67 ya san yadda abin yake: ka wuce kaɗan hoto ya gudu, ka dawo kaɗan murya ta shaƙe. Filasma kuwa in ka ce ta nemo tashoshi da kanta, sau da yawa na dijital take nema, ko ta tsallake taka don siginar ba ta zauna daidai inda take tsammani ba. In kana son gwaji, shiga neman tasha da hannu, zaɓi analog, ka kai ta 36. In hoto ya zo murya ba ta zo ba, canza tsarin sauti zuwa I, shi ne na Ingila. Amma gaskiya ban ba ka shawarar ka zauna a nan ba. Ko ta kama, shi ne hoto mafi muni da injin zai iya bayarwa.

Juya bayanta. Za ka ga ramuka biyu masu zagaye kusa da juna. Mai huji 6 na na'urar faifai ne da firinta, ka ƙyale shi. Ɗayan, mai huji 8, ko 5 in ta farko-farko ce, shi ne na hoto da sauti, kuma nan maganinka yake. Daga nan ake fitar da AV, wato irin hoton wayar nan mai kan rawaya da muka saba da ita a bidiyo da dikoda. Da wuya ka samu wayar a haɗe a shago, amma haɗa ta ba wuya. Bakin DIN mai ƙafa 5, irin na tsofaffin rikoda da amfilifaya, yana shiga ramin ko da mai huji 8 ne. Ƙafa ta 2 ita ce ƙasa, ta 3 sauti, ta 4 hoto. Ta 5 sauti ne mai shiga ciki, kada a taɓa ta. Ka leƙa wajen masu kayan lantarki a France Road ko masu gyaran amfilifaya a Sabon Gari, wani zai tono maka bakin a cikin tarkacensa, ya ɗiga dalma a wuri uku, an gama. Ka sa ya duba lambobin ƙafafun da kyau, don ba a jere suke ba.

Sai ka duba bayan filasmar. Wata tana da ramin rawaya a fili. Wata ta haɗe shi da kore, rami ɗaya aiki biyu. Wata kuma ɗan ƙaramin rami ne kamar na abin sauraro na kunne, da wata 'yar jelar waya da ke zuwa a kwali, wadda yawanci an jefar tun ranar da aka kafe talabijin ɗin a bango. In ka jona ka ga shuɗin allo da rubutu a sama yana cewa 38911 BASIC BYTES FREE, da READY a ƙasansa, to ka yi hamdala, lafiyarta ƙalau. In allon ya daina yayyafi ya koma baƙi ƙirin, wannan kam ciwo ne a cikin injin, sai mu sake zama.

Zan faɗa maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: hoton ba zai yi kyan da kake zato ba, kuma ba laifin mai haɗa waya ba ne. Gidan talabijin na PAL layi 625 yake aikowa, rabi-rabi: wannan karon layukan mara, karo na gaba na cika, sau 50 a daƙiƙa, su shiga tsakanin juna. Waɗannan kwamfutoci dabara suka yi, suna aiko layi 312 a wuri ɗaya kowane karo. Tsohon talabijin mai ƙeya bai damu ba, inda aka ce ya haska nan yake haskawa. Filasma kuwa sai ta tattara hoton ta lissafa shi tukuna, kuma ta ɗauka irin na gidan talabijin ne, sai ta dage tana saƙa zare biyu alhali ɗaya aka miƙa mata. Shi ya sa rubutu ke ɗan rawa, abin da ke gudu ya yi dishi-dishi, kuma ka danna maɓalli sai an ɗan jima ɗan mutumin ya yi tsalle. In rubutu kake yi ba za ka damu ba. A wasa kuwa, za ka yi ta faɗawa rami kana zargin yatsunka.

In filasmar HDMI kaɗai gare ta, dole sai da akwatin canji. A nan ma na sha. Na shiga wani shago na ce ina son mai haɗa AV da HDMI, yaron ya miƙo ɗan farin akwati, ramuka duk ga su, na biya na taho. A gida na yi ta fama har bayan isha'i. Da na ɗauko tabarau na karanta jikinsa, ashe mai karɓar HDMI ne ya fitar da AV, wato na sayo hanyar dawowa alhali tafiya zan yi. Kamanninsu ɗaya sak. Ka karanta inda aka rubuta shiga da inda aka rubuta fita kafin ka ba da kuɗi. Shi kansa na daidai ɗin, mai arahar nan, yana aiki, amma kuskuren filasma shi ma yake yi, ga jinkiri, ga baje hoto ya cika allo har da'ira ta koma ƙwai. Araha ba ta ado. Don ka ga injin Baba ya farfaɗo, ka nuna wa 'yan'uwa, ya wadatar.

In abin ya shiga ranka, akwai na'urorin da aka ƙera musamman don wannan, irin su RetroTINK 2X. Ita ta san dabarar layi 312, ninka kowane layi kawai take yi ta miƙa wa HDMI, kusan babu jinkiri. Tana kuma karɓar S-Video, kuma a nan ne Commodore mai huji 8 ke nuna kanta, don tana fitar da haske daban a ƙafa ta 1, launi daban a ta 6. Ranar da na fara ganin tawa ta wannan hanyar sai da na matsa kusa da allo, don ban taɓa sanin haruffan suna da kaifi haka ba. Launin nata ya ɗan fi ƙarfi, shi ya sa ake sa rizista mai om 330 ko kusa da haka a wayar launi. Kuɗinta da dala ne, sai an yi oda ko a ba wa mai dawowa saƙo. Kada kuma wani ya ruɗe ka da OSSC, wata mai mayar da hoton tsofaffin injuna zuwa HDMI. Na'ura ce mai kyau ƙwarai, amma ba ta karɓar AV ko S-Video, ita kuma Commodore 64 ba ta fitar da RGB, wato hoton da ja da kore da shuɗi kowanne ke bin wayarsa, ko kaɗan.

Na san akwai masu wasu injunan da ke karantawa. Mai Amiga, ramin nan mai ƙafa 23 RGB ne, hoto mai kyau, amma layi 15,625 yake zanawa a daƙiƙa, allon VGA kuwa kusan 31,500 yake jira. Adaftar da ke canza siffar baki ba ta canza gudu, yawancin allunan ƙin karɓa za su yi. Kai ne OSSC ta dace da kai, ko na'urar canjin hoto ta GBS-8200 in kana da haƙurin kunce-kunce. Mai Sakhr, irin wadda alhazai suka riƙa tahowa da ita daga Saudiyya, mai haruffan Larabci ta kamfanin Al-Alamiah na Kuwait, tawa dai da wayar AV ta talaka take aiki. Mai tsohuwar kwamfutar tebur ta 486 kuma, je Beirut Road ka sayi allon kwamfuta na hannu mai ramin VGA, ya fi maka kowane akwatin canji.

Ra'ayina ni, in kana da wurin ajiyewa, nemi ƙaramin talabijin mai ƙeya, inci 14, mai ramin AV. Ana nan ana miƙa wa 'yan gwangwan su a kuɗin da bai kai na akwatin canji ba. Don shi aka yi injin, launi ya zauna, jinkiri babu, kuma abin da Baba ya gani da idonsa ke nan. Sai dai kada ka kuskura ka buɗe bayansa, yana riƙe wuta mai kisa ko an zare shi. Ni filasma nake jonawa in yara sun taru, in ni kaɗai ne kuwa mai ƙeyata nake kunnawa.

In ka tsaya a filasmar, mayar da girman hoto 4:3, kunna yanayin wasa in tana da shi, rage kaifin hoto, kashe abin tace hayaniya. Siraran layukan da za ka gani a tsaye daga cikin injin suke, haka aka haife ta. Kada ka soka ko ka zare wayar hoto tana kunne, ƙwayar sautinta da ake kira SID ba ta jure wasa, kuma an daɗe da daina ƙera ta. Ƙurar hunturu ta shekaru tana ciki, kunce sukurori uku na ƙasa ka share da busasshen burushi, a hankali don ƙugiyoyin robar baya sun yi rauni. Da zafin bazara kuma kada ka bar ta a kunne tun safe har yamma, ka juya mata fanka.

Ka ƙirga hujojin nan ka gaya mini 5 ne ko 8, da irin ramukan da ke bayan filasmar, da abin da mita ta nuna a tubalin. Ka kuma sake laluba adakar, in akwai 'yar rikodar kaset ɗinta kada ka sa kaset ɗin Baba a ciki sai an duba bel ɗin, don na tawa da na buɗe ya narke ya zama kamar kwalta.