Tambayi Likita: Aikin cire tsakuwa daga ƙoda da bututun fitsari

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An yi min hoto an ga tsakuwa mai milimita 14 a ƙodata ta hagu, an ce sai an yi aiki. Tsaga cikina za a yi ke nan? Abokina da ya yi irin ciwon, ruwa kawai aka ce ya yi ta sha. Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, a yau da wuya a tsaga mutum saboda tsakuwar ƙoda. Abin da ya raba ka da abokinka girman tsakuwar ne. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara ya kai santimita 25 zuwa 30 a tsawo, amma faɗinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba yawanci takan fita da kanta cikin mako 4 zuwa 6. Taka ta fi ƙarfin wannan hanya.

Hanya mafi sauƙi ita ce farfasa ta daga waje, ba yanka ba huda. A birnin Munik na Jamus aka fara yi wa ɗan Adam wannan aiki a 1980. Za ka kwanta, a shafa maka man hoto a kwiɓi, a saita na'urar daidai kan tsakuwar, sannan ta riƙa aika bugu mai ƙarfi da ke ratsa nama ya taru a wuri guda. Akan yi bugu 2,000 zuwa 3,000 cikin kamar sa'a ɗaya, kuma an fi son a tafi a hankali, 60 zuwa 90 a minti, don tsakuwa ta fi farfashewa a haka. Ka sani na'urar ba ta cire komai. Kai ne za ka fitsarar da ɓarɓashin cikin kwanaki ko makonni, kuma wani lokaci ɓarɓashin ya jeru ya toshe bututun, ciwo ya dawo sabo. Aikin ba ya cin tsakuwa mai tauri sosai, wadda hoton siti-sikan ya auna taurinta ya haura 1,000 a ma'aunin hoton, kuma yana rauni ga mai ƙiba, saboda nisan fata da tsakuwa. Ba a yi wa mai juna biyu, ko mai shan maganin tsinka jini, ko wanda ƙwayoyin cuta ke cikin fitsarinsa ba a magance ba.

Hanya ta biyu ita ce a bi ta mafitar fitsari bayan an yi maka allurar barci ko ta kashin baya. Ana fara zura siririyar waya mai laushi har cikin ƙoda, sai a bi ta da bututu mai kyamara a baki. Da an ga tsakuwar, sai a ɗora mata zaren leza, wato zare mai fitar da haske mai ƙarfin fasa tsakuwa, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, a mayar da ita gari, ko a datsa ta a kwashe gutsattsarin da ɗan kwandon waya. Tambayar da za ka yi wa likitanka ita ce: a wane ɓangaren ƙoda take? In a lungun ƙasa ta kwanta, mu mun fi karkata ga leza, domin ɓarɓashin da aka farfasa daga waje sai ya yi hawa kafin ya fita, kuma sau da yawa nan yake zama ya zama tushen sabuwar tsakuwa.

Tambaya: Likita, an yi min aikin leza an bar min roba a ciki. Ina yawan jin fitsari, yana fita da ɗan jini, kuma kwiɓina na ciwo in ina fitsari. Ko aikin bai yi kyau ba? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, duk abin da kika lissafa halin robar ne. Tsawonta kamar santimita 24 zuwa 26, bakinta ɗaya ya lanƙwashe a ƙoda, ɗayan a mafitsara, kuma an sa ta ne don kumburin bayan aiki kada ya rufe bututun. Bakin ƙasa na gogar mafitsara, shi ne yawan jin fitsarin. Ciwon kwiɓi kuwa, fitsari ne ke ɗan komawa sama ta cikin robar lokacin da mafitsara ta matsa. Shan ruwa da magani irin su tamsulosin na rage wahalar. Amma zazzaɓi, ko gudan jini, ko fitsari ya ƙi fita, wannan sai asibiti nan take.

Abin da muke roƙon ki shi ne ki rubuta ranar cire ta, wadda yawanci mako 1 zuwa 2 ne bayan aiki. Cirewar ba ta wuce 'yan mintoci. Robar da aka manta watanni takan yi ɓawon tsakuwa ta manne, har a buƙaci aikin da ya fi na farko girma, wani lokaci ma ƙodar ta lalace.

Tambaya: Mahaifinmu yana da babbar tsakuwa da ta cika ƙodarsa. Ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, sai aka sa masa roba ta baya kawai aka ce a dawo. Me ya hana a cire ta a lokacin? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Abin da aka yi masa shi ne daidai. Ƙodar da ta toshe kuma ta yi mugunya ba a taɓa tsakuwarta, domin ruwan da ake turawa lokacin aiki zai kora ƙwayoyin cutar cikin jini, ƙarfin bugun jini ya faɗi, rai ya shiga hatsari cikin sa'o'i. Sai a fara buɗe wa mugunyar hanya da wannan robar, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a jira jiki ya dawo daidai.

Aikin da ke jiran sa shi ne wanda za ku gani an rubuta PCNL a takardar asibiti, wato cire tsakuwa ta hudar baya, kuma shi ake yi wa tsakuwar da ta haura santimita 2. An fara shi a Suwidin a 1976. Ana soka allura ta baya zuwa ɗaya daga lungunan ƙoda, hoto na yi wa likita jagora, a zura waya, a riƙa faɗaɗa hanyar har ta kai kusan santimita 1, sannan a shiga da kyamara a farfasa tsakuwar a zuƙo ta. Kwanciyar asibiti kamar kwana 2 zuwa 4 ce. Babban hatsarinsa zubar jini ne, don ƙoda cike take da jijiyoyin jini, shi ya sa ake tanadar jini tun kafin a shiga. In hudar ta bi ta saman haƙarƙari na 12, tana iya taɓa rigar huhu, ruwa ya taru a ƙirji.

Irin wannan tsakuwa mai rassa sau da yawa ƙwayoyin cuta ne ke gina ta, kuma suna ɓoye a cikinta inda magani ba ya kai musu. Saboda haka in aka ce sai an sake shiga karo na biyu don ɗan abin da ya rage, ku yarda. Ku kuma nemi a kai abin da aka ciro ɗakin gwaji a gano nau'insa, sannan bayan ya warke ya riƙa shan ruwan da zai sa fitsarinsa ya kai lita 2.5 a yini, sai dai in likitansa ya taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko raunin ƙoda.