Garayar Turawa mai sahu biyu: shin ta dace da ni?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Kaduna ce, ina aikin jinya a Ingila. Shekara biyu ke nan ina koyon kaɗa garayar Turawa, wadda suke kira hap, a kan wata ta haya mai tsirkiya 34. Yanzu na tara 'yan kuɗi ina so in mallaki tawa. Na ga wata iri mai sahun tsirkiya biyu, ƙarama ce, amma an ce tsirkiyarta 44, wato har ta fi wadda nake haya. Ɗakina ba shi da girma, kuma ina da niyyar tafiya da ita gida idan na tashi komawa. Shin ta dace da ni? Idan ta dace, me zan duba kafin in biya?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sa wa abin da kika tara albarka. Bari mu fara da lissafin nan na 44, don a nan ne masu saye da yawa suke tuntuɓe. Tsirkiya 44 ce, ba ƙarya aka yi miki ba, amma murya 22 kawai take da ita. An ɗaura sahu ɗaya a hagun wuyanta, ɗaya a dama, aka saita su iri ɗaya sak, ta yadda kowace tsirkiya tana da 'yar'uwarta a ɗaya gefen mai fitar da murya irin tata. Saboda haka wadda kike haya ta fi ta da murya 12, kuma kusan dukkansu na ƙasa ne, masu kaurin nan da hannun hagunki ya saba dogara da su. Idan kin saye ta da zaton kin sami faɗi, ranar farko za ki ji an rage miki.

To me ake samu a madadin haka? Sakewar hannu. A ƙaramar garaya mai sahu ɗaya, hannu biyu kamar mutum biyu ne a kan kunya ɗaya: da zarar waƙar ta gangaro ƙasa, sai dama ya tarar da hagu a gabansa, dole ɗaya ya kauce. A mai sahu biyu kuwa, kowa da kunyarsa. Dama na iya sauka har tsirkiyar ƙarshe, hagu na iya hawa har sama, babu mai taka wani. Daga nan sai abubuwa su buɗe waɗanda sahu ɗaya ba ya iya yi. Kina iya kaɗa murya ɗaya a dama, ki maimaita ta a hagu tun ta farko ba ta mutu ba, sai ki ji kamar amsa kuwwa a cikin kwari. Kina iya jera muryoyi kina karɓa-karɓa tsakanin hannuwan, su riƙa zubowa kamar ruwan indararo. Kuma ko tsirkiyar da ba ki taɓa ba tana amsawa a hankali idan an kaɗa 'yar'uwarta, shi ya sa ƙaramar garaya mai sahu biyu take cika ɗaki fiye da yadda girmanta ya nuna. Wannan amon shi ne abin da ake saye. Ni kam har yau ban gaji da shi ba.

Idan kin taɓa kallon mai kaɗa kora, garayar nan ta Afirka ta Yamma mai jikin ƙwarya, irin marigayi Toumani Diabaté na Mali, kin riga kin ga rabin maganar. Kora tana da tsirkiya 21 a sahu biyu, 11 na hannun hagu, 10 na dama, kuma saurin nan da ke ba mutane mamaki daga karɓa-karɓar hannu yake fitowa. Bambancin shi ne a kora an raba muryoyin tsakanin sahun biyu, wannan a hagu, mai bi masa a dama, alhali a garayar da kike tambaya kowane sahu cikakke ne da kansa.

Kada kuma mai sayarwa ya ruɗe ki, domin garaya mai sahu fiye da ɗaya iri-iri ce. Akwai wadda sahunta biyu suke giciye juna, ɗaya ɗauke da muryoyin fararen maɓallan fiyano, ɗaya da na baƙaƙen. Wannan wata duniya ce daban, da nata salon yatsu. Akwai ta mutanen Wales mai sahu uku, inda na waje biyu suke da murya ɗaya, na tsakiya kuma yake ɗauke da muryoyin tsakani, irin na baƙaƙen maɓallan fiyano. Tushen ta Wales ɗin daga Italiya yake, inda tun 1607 mai tsara kiɗa Monteverdi ya sa garaya mai sahu fiye da ɗaya cikin kayan kiɗan wasansa L'Orfeo. Wadda kika gani sabuwa ce a kansu: a Amurka ta bunƙasa daga wajen farkon shekarun 1990, kuma Laurie Riley na cikin makaɗan da suka fi yaɗa ta. Alamarta ita ce sahu biyu da ba sa giciye juna, da liba, wato 'yan ƙarafan sauya murya, a kowane gefe.

Yanzu ga abin dubawa, kuma babba a cikinsu shi ne tsirkiyar ƙasa. Kada ki tambayi mai sayarwa yawan tsirkiya, ki tambaye shi a wace murya ta tsaya. Mai 22 a kowane gefe yawanci tana farawa daga muryar G da ke ƙarƙashin C ta tsakiya, wato C ɗin da ke tsakiyar fiyano, ta hau zango uku, idan muka kira tazarar do zuwa do na gaba zango. Mai 26 yawanci tana sauka har C da ke zango ɗaya ƙasa da C ta tsakiya. Mai 29 kuma akan same ta daga G na can ƙasa, zango huɗu cif. A takarda, tsakanin 22 da 26 tsirkiya huɗu ce kawai. A kunne kuwa, ita ce tazarar da ke tsakanin garaya mai zaƙi kamar ƙararrawa da garaya mai ƙirji. Waƙoƙi da yawa da kika koya a C ko D suke, kuma hannun hagu yana son ya kafa ƙafa a kan C ko D ɗin nan na ƙasa. Mai 22 ba ta da su. Wanda ya fara koyo a kanta ba zai ji rashinsu ba, amma ke da kika shekara biyu a kan 34 za ki ji. Shi ya sa nake ganin 26 ko 27 a kowane gefe ita ce daidai da ke: tana shiga bayan mota, tana tsayawa a lungun ɗaki, kuma ba ta raba ki da ƙasan gaba ɗaya ba. Mai 29 ta fi daɗin amo, sai dai ta fara zama kayan da ake kafawa a ƙasa, da nauyinta da tsadarta.

Sai liba, 'yan ƙarafan nan da ake ɗagawa su matse tsirkiya su ƙara mata rabin murya. A nan kuɗi yake ɓuya. Sau da yawa farashin da ake tallatawa na garayar ce babu liba ko da kaɗan daga ciki, kuma kowane ɗaya da kuɗinsa. Mai 26 cikakkiya tana cin liba 52. Mutane kan ce bari in sa a C da F kawai, wanda ke ba su damar kaɗawa a C da G da D. Idan waƙoƙinki ba sa wuce nan, ya wadatar. Amma idan aka cika liba aka saita garayar a E mai rangwame, wato rabin murya ƙasa da E, ana samun manyan mabuɗan waƙa takwas, wato irin su C da G da D ɗin nan, ba tare da an taɓa makullin saiti ba. Kuma ga wata dabara da ta keɓanta da mai sahu biyu: kina iya ɗaga F a sahun dama ki bar ta a kwance a sahun hagu, sai ya zama muryoyin biyu duk suna hannunki tun kafin ki fara, ba sai kin tsinke waƙa kin kai hannu wuyan garaya ba. Wanda ya rage liba ya rage wannan dabarar. Idan kuɗin bai kai ba, ki tambayi maƙerin ko za a iya ƙarawa daga baya, amma ki tuna cewa mai iya dasa liba ya daidaita shi ba a kowane gari yake ba, balle idan kin koma gida. Gara ki jinkirta wata uku ki cika su tun a wurin maƙeri. Ki kuma ɗaga kowane liba ki saurara: mai kyau ba ya dusashe amon tsirkiya, ba ya zuza, kuma rabin muryar da yake bayarwa daidai take a sahun biyu.

Abu na gaba ido ne, kuma ina so ki ji shi daga bakina kafin ya same ki. Garayar tana jingine a kafaɗarki ta dama, kanki yana hagu, don haka sahun dama ta cikin sahun hagu kike hango shi. Jajayen tsirkiyoyin C da shuɗayen F da kika saba bi sai su zama biyu-biyu, ido ya rasa wanda zai kama, wasu har jiri suke ji a zaman farko. Yana wucewa. Galibi cikin 'yan kwanaki ko makonni ido yake koyon zaɓar sahun da yake so, yatsu kuma su fara gane hanya da kansu. Amma siffar garayar tana da tasiri a nan. Wasu maƙera suna sa sahun biyu su miƙe kafaɗa da kafaɗa daga sama har ƙasa, wasu kuma suna sa su matso kusa da juna a kan allon sauti, wato katakon da ƙasan tsirkiyoyin ke kafe a kai, su buɗe a wajen wuya. Babu wadda ta fi a wurin kowa. Idonki da zaman kafaɗarki ne za su yanke hukunci. Don haka ki yi iya ƙoƙarinki ki zauna da ita ko da rabin sa'a ne kafin ki biya. Yawancin masu ƙera ta a Amurka suke, irin su Stoney End da ke Red Wing a jihar Minnesota da Rees da ke Rising Sun a Indiana, amma shagunan Hobgoblin Music na Ingila suna sayar da kayan Stoney End, sai ki kira su ki ji ko akwai mai sahu biyu a ƙasa. Ki tambayi malamarki ma, wataƙila ta san mai ita da zai bari ki gwada. Ki lura da tazarar da ke tsakanin tsirkiya da tsirkiya: idan ta fi ta wadda kike haya matsewa sosai, hannunki zai sha wahalar sauyawa duk lokacin da kika koma babba.

Saiti kuwa, aiki ne ninki biyu, har da ɗoriya. A sahu ɗaya, tsirkiya ta ɗan kauce kaɗan ba kowa zai ji ba. A sahu biyu, 'yar'uwarta ce za ta tona mata asiri, sai ki ji amon yana rawa. Ki saita gefe ɗaya da na'urar saiti ko manhajar waya, sannan ki bi ɗaya gefen da kunne har rawar ta kwanta. Sabuwar tsirkiyar nailan tana ɗaukar makonni tana miƙewa, don haka watan farko kullum makulli yana hannunki. Idan kin san daga aikin dare za ki dawo a gajiye, ki sa wannan cikin lissafi tun yanzu.

Batun tafiya da ita Kaduna shi ne ya fi damuna. Maƙera suna son garaya ta zauna inda laimar iska take tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Hunturun arewa yana saukar da ita ƙasa da 20, sannan damina ta zo ta cika ta. Kin san yadda ƙofar katako take kumbura a watan Agusta ta ƙi rufuwa, a Janairu kuma ta saki har ana hango waje. Haka allon sauti yake yi, ga shi kuma tsirkiya 52 suna jansa dare da rana. Sahu biyu yana da alheri ɗaya a nan: tunda ana jan wuyan ta gefe biyu daidai, ba ya saurin karkacewa kamar na sahu ɗaya. Amma allon yana ɗauke da kaya mai yawa. Saboda haka ki zaɓi wadda allonta na falle-fallen katako ne da aka manne, irin na itacen birch, maimakon na katako guda. Masu kunnen ƙwarai za su ce na katako guda ya fi daɗi idan ya tsufa, kuma ban musa ba, sai dai shi ne ya fi saurin tsagewa a bushewar iska. Ki faɗa wa maƙerin ƙarara inda za ta je. Ki sayi ƙaramin ma'aunin laima ki ajiye kusa da ita, da hunturu ki riƙa rufe ta cikin jakarta da ɗan soso mai danshi a cikin roba mai huji, kada ki jingine ta jikin bangon da rana ke duka, kuma kada ki taɓa barin ta cikin mota a rufe, domin zafi yana sassauta gam. Ki taho da cikakken saitin tsirkiya na ajiya da takardar da ke nuna kaurin kowacce. Siraran na sama, idan ta ɓaci, zaren kamun kifi mai kauri daidai yana iya riƙe ki na ɗan lokaci, kamar yadda masu kora suka daɗe suna amfani da shi. Na ƙasa masu naɗi kuwa sai an yi odarsu daga waje.

Tambaya ɗaya zan bar miki, ki amsa wa kanki. Idan burinki ki bi jarrabawar kiɗa mataki-mataki, ko wata rana ki koma babbar garaya mai tsirkiya 47 da feda 7 da ake takawa da ƙafa a sauya murya, to ki sayi mai sahu ɗaya 34, domin littattafan koyo da malaman Ingila kusan duk a kanta suka ginu, kuma duk waƙar da aka rubuta mata sai kin sake mata tsari kafin ta zauna a mai sahu biyu. Idan kuwa abin da ke ranki shi ne ki zauna da yamma ki kaɗa da kunne, ki ɗauko waƙoƙin gida ki yi musu ado, ko ki kaɗa a hankali a gefen gadon mara lafiya kamar yadda ake yi da ita a asibitoci da gidajen jinya na Amurka, to ta dace da ke ƙwarai. A wannan halin ki nemi mai 26 ko 27 a kowane gefe, wadda ta sauka har C na ƙasa, da cikakken liba da allo mai falle-falle. Kada kuma ki mayar da ta hayar sai sabuwar ta yi wata guda a ɗakinki, saitinta ya zauna, idonki ya saba.