Amsa ga mai matsalar OBS da Kdenlive a Ubuntu

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce a Ubuntu (wani nau'in Linux) OBS, manhajar ɗaukar bidiyo, baƙin allo yake ba ka idan za ka ɗauki fuskar kwamfuta, bidiyon waya kuma in ka zuba shi a Kdenlive, manhajar tace bidiyo, baki na motsi daban murya na tafiya daban, har kana shawarar komawa Windows. Don Allah ka dakata tukuna, duk biyun sun same ni kuma suna da magani.

Rikicin muryar nan daga waya yake. Yawancin wayoyi ba sa riƙe adadin firam ɗaya, wato yawan hotunan da ake ɗauka a kowace daƙiƙa. Za ka ga an rubuta 30 a daƙiƙa, amma da haske ya ragu ko wayar ta ɗauki zafi sai adadin ya sauka, can ya sake hawa. Manhajar tacewa kuwa adadi ɗaya take so daga farko har ƙarshe, shi ya sa farkon bidiyon yake zuwa daidai, yana nisa muryar na zamewa. Kafin ka yanka komai ka fara juya fayil ɗin. Sababbin Kdenlive da kansu suke gano irin wannan su ce a juya, to ka amince musu. In ba haka ba ka buɗe HandBrake, manhajar juya bidiyo, ka zaɓi Constant Framerate, ko ka buga wannan a Terminal: ffmpeg -i tsoho.mp4 -vf fps=30 -c:a copy sabo.mp4

Amma tunda OBS kake amfani da shi, ina roƙonka, ka shiga Settings, Output, ka tabbata Recording Format ɗinka, wato nau'in fayil ɗin da yake ajiyewa, MKV ne ba MP4 ba. Ba ka tambayi wannan ba, na sani, amma shi ne ya ƙona mini rai fiye da komai.

Walimar saukar Alƙur'ani ce ta 'yar wani maƙwabcinmu. Na haɗa kyamara da laftof ta ɗan katin ɗaukar hoto na USB, irin wanda Linux ke gane shi kana sokawa. Mai kula da hidimar ya dage lallai MP4 yake so don ya tura wa dangi a WhatsApp a daren. Batirin laftof ɗin ba ya riƙe wuta, a kan janareta muke. Yarinyar na tsakiyar karatu, muryarta na rawa, wani ya zo ta baya ya zare filogina ya soka cajar wayarsa. Allo ya mutu. Shi MP4 na yau da kullum sai ka danna tsayawa yake rubuta bayanin da zai sa a iya buɗe shi, a can ƙarshe. Ga fayil nan da nauyinsa, amma VLC ya ƙi, Kdenlive ya ƙi, komai ya ƙi.

Washegari na kai wa wani mai gyara a kasuwa. Na ce masa fayil ɗaya nake so a ceto, kada ya taɓa komai. Yana ganin allon ya ce wannan Linux ɗin da ka sa shi ne cutar, ba a aiki da shi. Na maimaita masa cewa kada ya taɓa. Da na dawo da yamma ya goge faifan ajiyar ƙaf ya ɗora Windows, har yana murmushi wai ya gyara mini, kuma ya nemi kuɗin aikinsa. Ko haƙuri bai ba ni ba. Abin da ya fi ci mini rai, akwai wata ƙaramar manhaja, untrunc, da take iya farfaɗo da irin wannan MP4 ɗin idan ka ba ta wani lafiyayyen fayil da aka ɗauka da saiti iri ɗaya, kuma ina da irin waɗannan fayilolin a kwamfutar, duk ya share. Mahaifin yarinyar bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi Allah ya sa haka ne mafi alheri. Har yau nauyinsa nake ji in mun haɗu a masallaci. Da MKV ne, duk abin da aka ɗauka kafin wutar ta yanke yana nan. In ana son MP4 daga baya, File, Remux Recordings, nan take zai juya ba tare da hoton ya rage kyau ba.

Baƙin allo kuma daga Wayland yake, wato tsarin nuna hoto a allo, da shi Ubuntu ke shiga tun fitowar 21.04. A OBS ka zaɓi Screen Capture mai PipeWire, zai tambaye ka wane allo za ka ba shi. In ya ƙi, kuma 22.04 ko 24.04 gare ka, ka fita zuwa wurin sa kalmar sirri, ka danna 'yar alamar saiti da ke ƙasa ka zaɓi Ubuntu on Xorg, wato tsohon tsarin nuna hoto.

Za a ce maka ka koma DaVinci Resolve, wata manhajar tace bidiyo. Yana da kyau, amma na kyauta a Linux ba ya buɗe bidiyo nau'in H.264 da H.265, muryar AAC ma ba ya karantawa, kuma su ne wayarka ke fitarwa. Sai ka yi ta juya fayil zuwa DNxHR, wanda ke cinye wuri sosai. Ni dai Kdenlive ya ishe ni. In yana tsinkewa ka kunna Proxy clips a saitin aikin, zai yi ƙananan kwafi ka tace da su, wurin fitarwa ya koma kan na asali. Kuma duk ɗaukar da ba za ta maimaitu ba, ka kwafe ta a filashi kafin kwamfutar ta shiga hannun kowa.

Ka faɗa mini wane Ubuntu ne da kai, kuma katin hoton da ke cikin kwamfutarka (graphics card) Intel ne ko Nvidia, don saitin fitarwa ya danganta da shi.