Wane littafin almara zan fara da shi bayan na daɗe ban yi karatu ba?

Malam, ka ce rabonka da littafi tun barin makaranta, yanzu kuma kana son labaran tsafi da dodanni. Shawarata, kada ka fara da jerin nan masu kauri. The Wheel of Time littafi 14 ne, kowanne ya kai matashin kai. Mai aiki da iyali zai yasar da shi tun a na farko.

Ɗauki A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin, wanda ya fito a 1968. Siriri ne. Labarin wani yaro ne mai baiwar tsafi, girman kai ya sa ya saki wata inuwa cikin duniya, ta yi ta farautarsa tsibiri zuwa tsibiri har ya gane gudu ba zai fisshe shi ba. An rubuta shi don matasa, amma babba ya fi jin nauyinsa. Turancinsa ma ba ya wahalarwa.

In kana son tsafi mai ƙa'ida, nemi Mistborn na Brandon Sanderson, na 2006, inda ake haɗiye ƙarfe a sami ƙarfi. Ya fi tsawo, sai dai yana da saurin tafiya.

Kada kuma ka raina na gida. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun 1934, da dare ɗaya za ka cinye shi kana dariyar Malam Zurƙe. Ajiye waya a wani ɗaki bayan isha'i, shafi ashirin kullum ya isa.